Ƙusa Biyu a Muƙamuƙin Yaya Ishaya

Mutanen ƙauyenmu rabin labarin ciwon Yaya Ishaya suke bayarwa, rabin da ya fi sauƙin faɗa. Ɗaya rabin yana wurina, ni Bulus ƙaninsa, makanikin injin rake a Kudan, kuma na gaji da riƙonsa. Duk mai tsoho ko tsohuwa marar haƙori a gida ya daure ya karanta har ƙarshe. Wanda kuma yake ganin hannunsa ya iya komai, shi na fi so ya karanta.

Ƙauyenmu yana gefen Gubuchi, rake muke nomawa tun kakanni. Yaya Ishaya shi ne mai dafa mazarƙwaila, kuma ba shi da ma'auni sai bakinsa. Gatsa ɗaya zai yi wa kara ya ce maka a yanka gobe ko a ƙara masa mako biyu, kuma bai taɓa kuskure ba. Zaƙin nan ya riga ya cinye masa turamen baya, amma na gaba suna nan farare, manya. Ƙato ne, mai murya, shi ke ɗaga waƙa a coci ran Lahadi. Shi ya rene ni bayan rasuwar babanmu, shi ya kai ni koyon gyara, ya kuma zane ni sau ba adadi kafin in zama mutum.

Zamanin soja ne, lokacin da komai ya yi wuya. Ba mai, ba magani, ba kayan gyara. Ni kuwa a wannan wahalar sunana ya fito. Injin da aka ce ya mutu don ko a Kano babu kayansa, sai in yanko wani abu daga mataccen babur, in goge, in fiƙe, in cusa, ya tashi yana ruri. Mutane suka riƙa cewa hannun Bulus ba ya faɗuwa ƙasa. Na ji, na kuma yarda, kaina ya kumbura.

Wata ranar kaka Yaya ya yanke rake gona guda, sai gas ɗin injin ya ƙare. Rake yankakke ba ya jira, kwana kaɗan ya yi tsami. Muka ji tanka ta sauka a wani gidan mai a Ikara, muka ɗauki jarka biyu muka hau babur. Mun tarar da layi ya kai bayan gari, sojoji huɗu suna tsare da famfo da bulala. Ashe an hana jarka, mu ba mu ji ba. Wani soja, matashi siriri, ya bi layi yana farke jarkokin mutane da wuƙar bindiga. Da ya iso kanmu Yaya ya rungume tasa a ƙirji.

"Ɗana, ka yi haƙuri," in ji Yaya. "Rake na yanke, zai lalace."

"Wa ye ɗanka?"

Ban ma ga lokacin da ya juya bindigar ba. Ƙara kawai na ji, kamar an taka ƙwarya. Gindin bindiga ya sauka a bakin Yaya, ya sake sauka a gefen haɓa. Yaya ya durƙusa, jini ya ɓalle ta baki da hanci, sojan ya bi shi da takalmi a fuska. Na yi kukan kura zan kama shi, wani ya zuba mini bulala a wuya, ya sa ni na kwanta rub da ciki a cikin ƙura da baƙin mai, ya ɗora mini ƙafa a ƙeya. Daga nan ƙasa nake kallon Yayana yana tofar da haƙora. Mutum fiye da ɗari a layin nan, ba wanda ya ce uffan, kowa yana gudun kada ya rasa wurinsa. Har gobe ban yafe wa layin nan ba.

Wanda ya taimake mu wani direban a-kori-kura ne, Malam Sule, mutumin Makarfi. Bai san mu ba. Ya fita daga layin da ya kwana biyu a ciki, ya zuƙo ɗan fetur ɗin da ke tankin babur ɗinmu da baki ya juye a motarsa, ya kwashe mu. Allah ya saka masa, shi da zuriyarsa. Ƙaramin asibitin da muka fara zuwa suka duba suka ce ba su da ko zaren ɗinki, mu wuce birni. Haɓar Yaya ta karkace gefe guda, yana riƙe da ita da hannu biyu, duk ramin da mota ta faɗa sai ya yi wani gurnani da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba.

A babban asibitin birni muka yi layin kati, muka yi layin ganin likita, aka ce injin hoto ya lalace mu je cikin gari mu ɗauko, muka dawo muka sake layi. Likitan haƙorin gajere ne mai tabarau, bakinsa ba daɗi amma hannunsa da kyau. Ya ɗaga hoton ya nuna mini: muƙamuƙin ƙasa ya karye wuri biyu. Ya rubuta mini takarda, komai sai mun sayo a kemis, safar hannu, auduga, allura, har wayar da za a ɗaure bakin da ita. Muka sayar da abin da muka sayar, ba wannan ne labarin ba. Aka ɗaure haƙoran da suka rage na sama da na ƙasa da waya, aka rufe bakin Yaya ruf. Likita ya ce mako shida ba buɗewa, kuma filaya ta zauna kusa da shi kullum, in amai ya taso a yanke wayar nan take, in ba haka ba zai shaƙe.

A nan ne na san wace ce Laraba, matar Yaya. Da ni da ita wasa ne kawai tsakaninmu, ta ce mini mijin banza mai ƙanshin baƙin mai, in ce mata tuwonta ya fi taya tauri. Amma matar nan ta zauna da Yaya kamar jariri. Ta dama kunu ta tace sau biyu, ta zuƙa a sirinji ta zura ta giɓin gaba inda haƙoran suka zube, kaɗan kaɗan, kofi ɗaya ya ɗauke ta awa guda. Ta tace romon kaza, ta tace miyar kuka, ta tace ƙwai da madara. Ta naɗa auduga a tsinke tana goge masa wayoyin da ruwan gishiri. Bakin yana wari, ɗakin yana wari, ban taɓa ganin ta toshe hanci ba.

Masu dubiya kuwa kowa da ilminsa. Goggonmu ta ce mun yi wauta, da mun kai shi wurin mai ɗori da tuni ya warke. Wani ya ce a tafasa bagaruwa ya riƙa kurkurawa. Wani dattijon coci ya zauna ya yi masa wa'azin yafiya har Yaya ya juya fuska bango. Wani kuma ya ce mu kai ƙara. Ƙara wurin wa? Na ce masa ya je ya kai, ni zan raka shi da addu'a.

A mako na uku, da rana tsaka, abin da likita ya faɗa ya faru. Ina tsakar gida na ji Laraba ta ƙwalla ƙara. Na tarar da Yaya yana birgima a ƙasa, amai yana fita ta hanci, idanunsa sun firfito, yana yaƙushin wuyansa. Na haye ƙirjinsa, na danne goshinsa da gwiwa, na cusa filaya ina yanke waya ina yanke leɓe tare. Ya samu numfashi, amma wurin kokawar karayar ta sake motsawa. Muka koma birni aka sake ɗauri, aka sake lissafin mako shida daga farko.

Da aka kwance wayar a ƙarshe, haƙoran da suka riƙe ta sun gama aiki. Da ma ruɓaɓɓu ne, yanzu duk suna girgiɗi, dasashi yana fitar da mugunya. Likita ya ce ba mai tsira a cikinsu. Zuwa uku aka yi ana cirewa. A zuwa na ƙarshe allurar kashe zafi ta ƙare a asibitin, wadda na sayo kuma ba ta kama ba, ni da wani ma'aikaci muka riƙe hannuwansa aka fizge biyun ƙarshe. Yaya ya fito ba ko ɗaya a bakinsa. Mutumin da bai kai hamsin ba, kumatunsa suka faɗa ciki, haɓarsa ta tashi tana neman hanci. 'Yarsa ƙarama ta gan shi ta ɓuya a bayan uwarta.

Bayan wata biyu aka auna bakin aka yi masa haƙoran roba, sama da ƙasa. Na sama ya kama daram. Na ƙasa kuwa ya ƙi zama, don ƙashin ya haɗu a karkace kuma dasashin ya shafe, ba tudun da zai riƙe. In ya yi magana ya yi tsalle, in ya tauna ya juya ya yanke masa harshe. Laraba ta jiƙa ƙaro ta shafa a ciki, ya riƙe na minti biyar ya saki. Wani ya ce a sa gam na faci, Allah ya taimaka ba mu kai ga wannan ba.

Ran Lahadin da ya fara komawa coci, aka roƙe shi ya ɗaga waƙa. Ya miƙe, ya buɗe baki, a baiti na biyu haƙoran ƙasa suka yi fitar burgu suka faɗi a siminti, suka gangara ƙarƙashin bencin mata. Wasu suka ƙunshe dariya, wasu suka kasa. Yaya bai tsaya ɗauka ba, ya fita. Ni na rarrafa na ɗauko.

Daga ranar ya zama wani mutum. Ya daina cin abinci cikin maza, ya daina zuwa wurin dahuwa, ya bar wa wasu suna ƙona masa mazarƙwaila. Kunun ma ya tsane shi. In Laraba ta kawo sai ya yi jifa da kwanon. Wata rana kwanon ya same ta a gira, ya fasa, jini ya rufe mata ido. Na shaƙe wuyan rigarsa na haɗa shi da bango, na ɗaga hannu zan mare shi, sai na ji ba nauyi a hannuna. Ƙaton nan ya zama ƙashi da fata. Ya dube ni ya ce, da bakin da ba a gane maganarsa sosai, "Buge ni, Auta. Ƙarasa aikin." Na sake shi na fita ina kuka kamar mace mai naƙuda. A ranar na gane in bai koma cin abinci ba, ba zai ga wata kakar ba.

Na koma wurin likita ni kaɗai na gaya masa. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce a ƙasashen Turawa, inda ya yi karatu, akwai abin da suke yi wa irin wannan bakin. Sukan dasa ƙusa biyu a cikin ƙashin muƙamuƙi, ƙashin ya kama su, sannan haƙoran roba su zauna a kansu kamar maɓallin riga. Imfilanti ya kira shi, kalmar ta zauna mini a kai. Har ya zana mini a bayan kati, ƙusa nan, ƙusa nan. Na ce to a yi mana. Ya yi dariyar takaici.

"Malam Bulus, auduga ma kai ka sayo mini. Ƙarfen na musamman ne, wanda jiki ba ya faɗa da shi. Injin hudawar na musamman ne, ɗakin ma na musamman. Wata da watanni ake jira kafin a ɗora komai a kai. Kuma ko a can, ƙashin yayanka ba zai ɗauka yanzu ba. A riƙa niƙa masa abinci, a yi haƙuri da shi."

Kada wani ya ce likitan nan ya ɓoye mini wani abu, ko ban fahimta ba. Na ji duka, tsaf. Amma ina fitowa na dubi zanen na ce a raina, ƙusa biyu? Ni da na tada injin da Bature ya ce ya mutu? Kullum haka suke cewa, na musamman, na musamman, ƙarfe kuwa ƙarfe ne.

Na kwance kafireton wani babur na zaɓi sukuru biyu ƙanana farare, irin waɗanda ba sa tsatsa. Na goge su, na fiƙe bakinsu, na zagaye kawunansu. Na huda ƙasan haƙoran roba wuri biyu, na cusa guntun robar bawul ɗin keke a kowane rami don ta kama kan sukurun. Na gwada a muƙamuƙin akuya da na karɓo wurin mahauta. Ya shiga ƙyas, ya fita ƙyas. Wallahi aikin ya yi kyau, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau.

Na nuna wa Yaya. Ya juya muƙamuƙin akuyar a hannu, idonsa ya kawo haske karo na farko cikin watanni. Laraba kuwa ta miƙe tsaye.

"Bulus, ka haukace? Mijina ne za ka huda kamar tayar mota?"

"Matarmu, ki tsaya ki ji..."

"Ba na ji! Wata nawa ina ɗura masa kunu da sirinji don ya rayu? Ka taɓa shi, wallahi sai na ƙona garejin nan da kai a ciki."

Muka bar maganar, ni da Yaya muka haɗa ido. Bayan mako biyu matan coci suka tafi taron kwana uku a Ikara. Yaya da kansa ya matsa mata ta je, ya ce ta huta. Ta dafa masa kunu ta tace, ta ja mini kunne, ta tafi.

Akwai wani mai cire haƙori a kasuwar Makarfi, ana ce masa Mai Filaya, yana shimfiɗa buhu da tulin haƙoran mutane a kai don talla. Shi na ɗauko don yana da allurar kashe zafi. Da hantsi muka rufe ƙofar gareji. Na tafasa sukurun da bakin diril ɗin hannu a gwangwani, na zuba musu sifirit, ina ganin na gama tsabta. Muka kwantar da Yaya a bencin aiki, muka ɗaure ƙirjinsa da ƙafafunsa da igiyar rake. Mai Filaya ya yi allura, ya matse kan Yaya tsakanin gwiwoyinsa, ya sa guntun katako a gefen baki. Ni kuma na tada wani injin da aka kawo gyara, don kada maƙwabta su ji.

Na tsaga dasashi da reza. Har nan allura ta riƙe. Da diril ya taɓa ƙashi kuwa, Yesu! Yaya ya banƙare, bencin ya ɗaga, igiya ta shige masa nama. Ihunsa ya fi ƙarfin injin. Jini ya cika bakin, ba na ganin inda nake hudawa, Mai Filaya yana tsane shi da tsumma yana cewa in yi sauri. Ƙashin mutum yana da wani wari in ana huda shi, kamar ƙahon da aka ƙona. Na murɗa sukuru na farko ya zauna. Yaya ya yi fitsari a wando, ya suma. Mai Filaya ya ce a tsaya haka. Na ce aiki ba a barinsa rabi. Na huda na biyu. Ina murɗa shi na ji wani ɗan ƙas a ƙarƙashin hannuna. Na san wannan ƙarar, na sha jin ta in noti ya fasa gidansa. Na ce wa kaina ba komai ba ne.

Kwana biyu yana kwance a gida, baki a kumbure, ina ba shi ƙwayoyin kemis. Laraba ta dawo ta ɗaga leɓensa ta gani. Ta shiga madafa ta fito da muciya ta sauke mini a kai, ta sake, ta sake, har ta karye. Ban kare ba. Yaya ne ya rarrafo ya riƙe mata zani.

Ga abin da ya ruɗe kowa: kumburin ya sauka. A kwana na takwas na ɗora haƙoran, suka shiga ƙyas, suka zauna daram. Yaya ya motsa baki, ya kira sunan 'yarsa, maganar ta fito sarai. Ya sa riga ya ce kasuwar Makarfi za shi. A gaban jama'a ya sayi tsire ya tauna, ya sa aka fere masa rake ya gatsa, ya tsotse, ya tofar, ya ce wa mai raken an yi saurin yanka. Kasuwa ta ɗauki shewa. Aka riƙa buɗe masa baki ana leƙawa, ana dafa kafaɗata. Na ga gumi yana keto masa, na ga yadda yake runtse ido duk tauna, amma ina can ina karɓar yabo.

Kwana uku aka yi ana wannan daɗi. A na huɗu ya tashi da zazzaɓi mai kaɗa gado. Ƙasan haɓa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, sukuru na biyu yana girgiɗi, mugunya mai wari tana ɓulɓulowa ta gefensa. Laraba ta ce birni, yanzu. Ni na ce a ƙara kwana ɗaya, ƙwayoyi za su yi aiki. Tsoro nake ji likita ya gani, gaskiyar ke nan. Wannan kwana ɗayan ma a wuyana yake. Washegari kumburin ya sauko wuya, harshe ya tashi ya toshe baki, yawu yana dalala, numfashinsa yana ƙara kamar fito.

Malam Sule ne ya sake ɗaukar mu. A hanya muka tarar da shingen sojoji, suka ce kowa ya sauko a bincika mota. Laraba ta dire, ta yaye zanin da muka rufe Yaya da shi, ta ce, "Ga shi nan, ku bincika, aikinku ne!" Sojan ya leƙa, ya ja da baya, ya ɗaga mana hannu.

Likita yana ganin wuyan ya fara ihu a kawo gado. Ba su tsaya kai shi ɗakin tiyata ba, a nan gabanmu ya tsaga maƙogwaron Yaya ya zura bututu, iska ta shiga da wata ƙara. Suka tsaga ƙasan haɓa wuri uku, mugunya ta cika ƙaramin kwano. Da ya buɗe bakin ya ga abin da ke ciki, sai ya tsaya cak. Ya zaro sukurun da ke girgiɗi da yatsa biyu kawai, ya ɗaga shi.

"Wa ya yi wannan?"

Ya juyo ya dube ni, na ga ya tuna zanen da ya yi mini. Ya ce wannan kisan kai ne, 'yan sanda zai kira. Sai Yaya, da bututu a wuya, ya ɗaga hannu ya bugi ƙirjinsa. Ya sake bugawa, yana kallon likita, alamar shi ya sa aka yi. Likita ya jefa sukurun a kwano ya ce mini in ɓace masa da gani, in je in nemo allurai.

Na nemo. Na zaga kemis ɗin birnin nan kaf, wata allurar sai a Kano aka samu. Likitan nan da ya tsane ni bai bar Yaya ba ko yini ɗaya, har ranar hutunsa ya zo. Wata nas ta riƙa kawo wa Laraba abinci daga gidanta. Na gode musu, ba ni da bakin gode musu. Amma ƙashin ya riga ya tsage daga ramin sukuru har tsohuwar karaya, ruɓa ta bi ta shiga jini, ta sauka ƙirji. Kwana tara ya yi. Laraba tana share bututun wuyan da auduga, tana juya shi, tana yi masa waƙoƙin da yake ɗagawa. Ni ina bakin ƙofa, ba ta hana ni shiga ba, ba ta kuma ce in shigo ba. Ran na tara da safe ya yafuto ni da hannu. Na durƙusa na ce, "Yaya, ka yafe mini." Ya kama kunnena ya murɗa, kamar yadda yake mini ina yaro, ya saki. Kafin azahar ya cika.

A wurin jana'iza kowa sojan nan yake tsine wa. Aka ce dukan ne ya taso daga baya, aka ce da ma irin wannan ciwon yakan kwanta ya tashi. Har wasu suka ce Allah ya yi wa Bulus albarka, ko ba komai ya sa yayansa ya ci nama kafin ya tafi. Na sunkuyar da kai na karɓa. Laraba ba ta tona ni ba, ba ta kuma sake yi mini wasa ba. Na ci gaba da noma mata gona, ta ci gaba da aiko mini da tuwo, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Mai Filaya ya bar kasuwar Makarfi, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Haka na zauna da abina har kaka ta zagayo. Wata safiya ina kwance ƙarƙashin inji sai na ji sallama. Wani magidanci ne daga wajen Gubuchi, ya ɗauko mahaifiyarsa a babur, 'yar tsohuwa mai fara'a, ta ƙulle haƙoran robarta a bakin zani. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya yi mini gaisuwar rashi. Sannan ya ce yana kasuwa ranar da marigayi ya gatsa rake, da idonsa ya gani. Inna ta shekara ba ta tauna goro ba, ya zo in yi mata irin na Yaya.

Tsohuwar ta kwance bakin zani ta miƙo mini haƙoran da hannu biyu, tana murmushi da dasashi.

"Ɗana, an ce hannunka da albarka."

Na dubi bencin, yana nan inda yake. Na ce su jira. Na fita tsakiyar titi, inda masu shayi da masu faci da 'yan acaɓa suke, na ɗaga murya yadda kowa zai ji. Na ce soja ya fasa wa Ishaya baki, amma ya tashi daga wannan. Na ce ni Bulus na ɗaure shi da igiya na huda masa ƙashi da diril, na sa masa ƙarfen babur, na kuma hana a kai shi asibiti da wuri don kada asirina ya tonu. Na dawo na durƙusa gaban tsohuwar, na naɗe mata haƙoranta a bakin zaninta, na ƙulle da kaina.

"Inna, ki koma gida a daka miki goron a turmi," na ce mata. "Ni na kashe Yayana."